TUTA TA DAWO, LITTATTAFAI FA?

A 'yan shekarun nan wata magana ta cika kafafen watsa labarai na duniya, ita ce maganar maido wa Afirka kayan tarihinta da Turawan mulkin mallaka suka kwashe. A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 da sojojinta suka ɗebe daga fadar Abomey a 1892. A 2022 Jamus ta sa hannu da gwamnatin Nijeriya a kan ta saki mallakar kayan tagulla fiye da 1,000 na masarautar Bini, waɗanda sojojin Ingila suka wawashe a 1897 aka bi kasuwannin Turai da su, har ministar harkokin wajenta ta kawo kashin farko Abuja da kanta a watan Disamba na shekarar. A 2025 ƙasar Holan ta biyo baya da guda 119. Ana ta biki, ana ta jawabai, ana ta ɗaukar hotuna. Amma a duk wannan hidima da wuya mutum ya ji an ambaci Sakkwato, balle a zo kan Sifawa ko Boɗinga.

Abin tambaya a nan shi ne, shin ba a ɗebi komai ba ne daga ƙasar Shehu, ko kuwa masu kayan ne suka manta da abin da aka ɗeba? Amsar ba ta da nisa. Tana nan a kan hanyar da ta fita daga Sakkwato ta ratsa ƙasar Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Matasa na bin wannan hanya kullum, a kan babur da cikin motocin haya, wasu cin kasuwa wasu makaranta, amma da za a tsayar da su a tambaye su abin da ya gudana a Sifawa tsakanin 1810 da 1815, da an sha mamaki. Wanda bai san abin da aka ajiye a ɗakin ubansa ba, ina zai san an yi masa sata?

To, ga abin da ya gudana. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taso daga Gwandu ya zauna a Sifawa wajen 1810, bai bar ta ba sai 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, tafiyar da ba ta kai ta sa'a guda a ƙafa ba daga wurin yayansa, shi kuwa Muhammadu Bello yana can yana gina Sakkwato. A wannan zama na Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar daula, ya danƙa gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, shi ya koma ga abin da ya fi so, wato karantarwa da rubutu. A waɗannan shekaru ne ya rubuta Sirajul Ikhwan da Najmul Ikhwan da Ta'alimul Ikhwan. A cikinsu ne Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi ya tattara Tazyinul Waraƙati a 1813, sannan ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili a hijira ta 1231, wato wajen 1816. Tafsirin Alƙur'ani sukutum, da alƙalamin kara da tawadar gida, a lokacin da ƙurar yaƙi ba ta gama kwantawa ba, kuma takarda sai fatake sun keto Sahara da ita a bayan raƙumi. Wannan shi ne abin da ƙasar Boɗinga ta ba duniya.

Wannan ya sa dole a fahimci cewa dukiyar tarihin wannan ƙasa ba irin ta Bini ko ta Asante ba ce. Su Shehu ba su bar kawunan tagulla ko kujerun zinariya ba. Ba su gina wa kansu fadojin da za a zo kallo ba. Abin da suka tara takarda ce da tawada, sai tutoci da suka danƙa wa almajiransu, sai kuma mutanen da suka karantar. Saboda haka wanda ya zo yi wa irin wannan al'umma sata, ba lallai ne a gan shi da akwatunan zinariya a ka ba. Ya ishe shi ya ɗauke tutar, ya kwashe wasiƙun, ya canja haruffan da ake koya wa yara, ya zauna ya rubuta labarin da harshensa. Bayan shekara ɗari jikokin masu kayan za su rantse ba a taɓa musu komai ba.

Yadda magabata suka ɗauki al'amarin littafi ya bayyana a muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno, wadda Bello ya kawo a cikin Infaƙu. Daga cikin manyan tuhumomin da Shehu Laminu ya yi wa mutanen jihadi akwai cewa suna wulaƙanta littattafai idan sun ci gari, ana ganin warƙoƙi a yashe a kan hanya. Bello bai yi fushi ya ce ƙarya ce ba. Ya ba da labarin yadda shi da kansa ya ga iska na yawo da takardu a wani gari da aka ci, ya yi ta tsince su har ya gaji, sannan ya tara jama'a ya yi musu faɗa, aka gano aikin wasu marasa tarbiyya ne da ke rigima a kan ganima. A lura da kyau. Shugabanni biyu suna tsakiyar yaƙi da juna, amma dukkansu sun yarda cewa taɓa littafin wanda aka ci da yaƙi abin kunya ne da sai an kare kai daga gare shi. A ajiye wannan a gefe guda, a zo a duba abin da waɗanda suka ce sun kawo wayewa suka yi.

Ranar 15 ga Maris 1903, cikin watan Zulhajji na 1320, rundunar Nasara ƙarƙashin Kanar Morland ta fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya. Bindiga mai ruwan harsashi ta watsa dawaki cikin ɗan lokaci, amma wasu bayin Allah suka tsaya a gindin tuta ba su motsa ba har aka kashe su a wurin. Sarkin Musulmi ya yi hijira gabas, jama'a na ta barin gonaki da garuruwa suna bin sa, har Nasara suka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli. Nan ya yi shahada tare da mutum fiye da 600. Tutarsa a kusa da gawarsa aka same ta. Aka naɗe ta, aka yi Ingila da ita. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin kogin Nilu har yau.

Ba tuta kaɗai aka ɗauka ba. Da Nasara suka shiga Sakkwato sun sami tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, wasiƙun da sarakunan daula suka riƙa aikowa suna ba da labarin yadda Turawa ke matsowa, suna neman shawara, wasu suna maganar hijira. Waɗannan su ne muryar al'umma a cikin shekarunta mafi tsanani. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna Backwell shi ya fitar da fassararsu da Turanci, aka buga a Ikko a 1927, da suna mai nuna cewa labarin mamaye ƙasar Hausa ne. Tun daga lokacin, mafi yawan 'yan boko da suka karanta waɗannan wasiƙu da bakin Bature suka ji su. Haka Infaƙul Maisuri, wani Razdan mai suna Arnett ya juya shi zuwa Turanci a 1922, ya raɗa masa sunan da ke nuna wai labarin tasowar Fulanin Sakkwato ne. Littafin da mai shi ya rubuta a kan jaddada addini, sai ga shi an mayar da shi tarihin ƙabila tun daga bangonsa. Wannan fassara ta ƙabilanci ita ce har gobe ake maimaita wa yara, ita ce kuma ake zuga rigima da ita a yau tsakanin Bahaushe da Bafillace waɗanda kakanninsu suka yi sahu ɗaya a Sifawa.

Babbar ganimar littattafai kuwa da ta shafi wannan ƙasa ba a Sakkwato aka yi ta ba, a Segu aka yi ta, cikin ƙasar Mali ta yau, kuma yana da kyau 'yan'uwa su san dangantakar. Shehu Umaru Futi, a kan hanyarsa ta dawowa daga Hajji, ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello, ya auri 'yarsa, ya tafi da littattafan malaman Sakkwato masu yawa. Ɗansa Ahmadu ne ya gaje shi a Segu. A watan Afrilu na 1890 wani hafsan Faransa mai suna Archinard ya ci garin, ya kwashe ɗakin karatun gidan gaba ɗaya, ya haɗa da kayan ado na matan gidan, har da ƙaramin ɗan Ahmadu mai suna Abdullahi, wanda aka kai Faransa aka sa shi makarantar soja, ya rasu yana saurayi. Littattafan, mujalladi fiye da 500, aka zuba su a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa da ke Faris. A cikinsu akwai rubuce-rubucen Shehu da na Abdullahi da na Bello, waɗanda aka kwafa da hannu tun ana ganin waɗanda suka ga mawallafan. Shi kuwa Ahmadu, Faransawa suka yi ta korar sa daga gari zuwa gari har ya shigo ƙasar Sakkwato yana mai hijira, nan ya rasu. Mai littattafai yana kwance a ƙasar Shehu, littattafansa suna bakin kogin Faris, kuma tarin da sunan wanda ya kwashe shi aka fi sanin sa.

A watan Nuwamba na 2019 Firayim Ministan Faransa ya je Dakar ya miƙa wa shugaban Senegal wani takobi da ake danganta wa Shehu Umaru Futi, majalisarsu kuma ta yi doka a 2020 ta tabbatar da kyautar. Takobi ya koma gida. Littattafai suna nan inda suke. Ɗan'uwa mai tunani ya tsaya a kan wannan. Takobi idan aka sa shi cikin gilashi ya gama aiki, ba ya yanka, ba ya magana. Littafi kuwa ko bayan shekara ɗari biyu aka buɗe shi, zai faɗi abin da ya faɗa ran farko. Gaskiya ne an ɗauki hoton da yawa daga cikin waɗannan littattafai an sa a intanet, kuma wannan abu ne da ya kamata ɗalibai su ci moriyarsa tun yanzu. Amma wanda aka sace wa saniya ba a biyan sa da hotonta. Masu haƙƙi na farko a nan su ne zuriyar Shehu Umaru da mutanen Mali da Senegal, sai dai Sakkwato na da bakin magana, domin ilimin malamanta ne a ciki, kuma shirun da ta yi bai taimaki kowa ba.

Akwai kuma abin da aka ɗauke wanda ba ya shiga akwati. A kan iyakar ƙasashen Danchadi da Dange da Shuni da Boɗinga akwai wani gari da ake kira Satiru. Talakawa ne da malamai da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, masu jiran bayyanar Mahadi, waɗanda suka ƙi biyan haraji ga sabon mulki. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 suka karya rundunar da aka aika musu da fartanya da gatari da baka, suka kashe Turawa uku, har da muƙaddashin Razdan, suka ƙwace babbar bindigarsu. Ranar 10 ga Maris Nasara suka dawo da ƙarfi, tare da dawakin sarakunan da suka riga suka miƙa wuya, suka kashe kimanin mutum 2,000, suka kwashe mata da yara, suka rushe garin, aka kuma la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Malamai na iya saɓa wa mutanen Satiru a kan fahimtarsu ta Mahadi, wannan fage ne na ilimi. Amma jininsu da aka zubar ba fahimta ba ce, abu ne da ya faru. Yau mai son sanin labarinsu sai ya nemi rahoton waɗanda suka kashe su, a ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna ko ta Landan. Waɗanda za su ba da ɗaya ɓangaren an rufe bakinsu, jikokinsu kuma an koya musu jin kunyar sunan. Wace hukumar Turai za a rubuta wa ta maido da wannan?

Sai a koma kan tutar Attahiru, domin ita ta dawo. Bayan samun mulkin kai a 1960 an maido ta, aka miƙa wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku a wani babban biki, tana shimfiɗe cikin firam mai kyau, kamar yadda Sardauna ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa. Ke nan Sakkwato ta riga Abomey da Dakar ganin irin wannan rana da shekara kusan sittin. To, me ya biyo baya? Matasa nawa ne a Boɗinga ko Shagari suka san an taɓa ɗauke tutar, balle su san ta dawo? Nawa ne za su iya faɗin dalilin da ya sa mutum zai tsaya a gindin ƙyalle har a harbe shi? Waɗanda suka mutu a Giginya da Burmi ba saƙar tutar suke karewa ba, abin da aka ɗaga ta dominsa suke karewa, kuma wannan abin a cikin littattafai yake, irin su Bayanu Wujubil Hijira na Shehu da Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi. An karɓi ƙyallen da ganguna da algaita, aka bar bayaninsa a cikin gafaka gara na ci. Idan haka za a karɓi littattafan Faris, a yi musu biki a kulle su a kabad, to Nasara ba su yi asarar komai ba.

Wannan ba yana nufin a daina neman haƙƙi ba. Duk wanda ya yi karatun Risala ya wuce ta babin ƙwace, ya san hukuncin a fili yake: wanda ya ƙwaci abu wajibi ne ya mayar, daɗewa a hannunsa ba ta halatta masa shi, wanda ya saya daga hannunsa kuma mai kaya na da ikon karɓa idan ya tabbatar da nasa ne. Allah Ta'ala Ya yi umurni da mayar da amana ga masu ita a cikin Suratun Nisa'i, bai kuma ce sai idan masu ita Musulmi ne ba. A nan ne wasu 'yan'uwa ke yin tuntuɓe, suna cewa ina ruwan Musulmi da gumakan Bini. Lallai Musulmi ba ya girmama gunki, ba kuma zai ajiye shi a ɗakinsa ba. Amma sojan da ya ƙona birnin Bini a 1897 ba don tauhidi ya kwashe kayan ba, don ya sayar ne, kuma hannun da ya yi wannan shi ne ya iso Giginya bayan shekara shida. Hujjar da Bini ta kafa a kan ɓarawo, ita ce Sakkwato za ta kafa. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa dariya ranar da yake bin sawun ɓarawo, ya shirya bin nasa sawun shi kaɗai.

Yadda mahukunta suka riƙe wannan magana a baya ma abin dubawa ne. A 1973 Janar Gowon ya sa aka ɗauko kan tagulla na Bini daga gidan tarihi na Ikko ya kai wa Sarauniyar Ingila tsaraba, ƙasar da ta riga ta tara ɗaruruwan irinsa ba da izinin kowa ba. A 1977, lokacin bikin FESTAC, Nijeriya ta roƙi gidan tarihi na Biritaniya ya ba ta ko da aron fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia, wadda aka yi tambarin bikin da ita, aka hana. A 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, sai da gwamnati ta ɗebi maƙudan kuɗin jama'a ta je gwanjon Sotheby's a Landan ta sayo wasu daga cikin kayan, wato mai kaya ya bi layi ya yi tayin kayansa. Har yau gidan tarihin na Biritaniya yana fakewa da wata doka ta 1963 da ya ce ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa, shi ya sa a 2024 kayan zinariyar Asante da aka kai Kumasi da sunan aro aka kai su, na 'yan shekaru. Ɓarawo ya ba mai kaya aro, har da sharaɗin ranar mayarwa! Idan wannan ne rabon waɗanda suka shekara hamsin suna kuka, to wanda bai ko buɗe baki ba fa?

Tun da an ambaci Shagari, akwai wani ɓangare na rayuwarsa da mutanen garinsa suka fi kowa cancantar tunawa, ko me mutum zai ce game da siyasarsa. Kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979 malamin makaranta ne. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa don yara su san ƙasarsu da harshen da suke mafarki da shi, a 1978 kuma ya fitar da littafi a kan shugabancin Shehu Ɗan Fodiyo tare da Jean Boyd, baturiyar da ta shafe shekaru tana bin rubuce-rubucen Nana Asma'u. Ya rasu a watan Disamba na 2018, aka rufe shi a Shagari. Abin takaici, ya rayu har ya ga lokacin da gwamnatin ƙasar da ya shugabanta ta cire darasin Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka yi shekaru yara na gama makaranta ba su taɓa zama ajin tarihi ba kafin a ce a dawo da shi. Da yawa daga masu karanta wannan shafi 'yan wannan zamani ne. Ba Archinard ne ya yi musu wannan ba.

Wajibi ne kuma a yi adalci, kada zafin rai ya sa a kira kowane littafi da ke Turai na sata. Abin da Sarkin Musulmi Bello ya ba Clapperton a 1824, taswira da wani yanki na Infaƙu, kyauta ce daga mai iko da abinsa. Tarin littattafan Malam Umaru Falke na Kano da ke jami'ar Northwestern a Amurka saye aka yi bayan rasuwarsa. Ana iya baƙin cikin fitarsu, ana iya neman kwafinsu, amma hukuncinsu daban ne da na tutar da aka zare daga gefen gawa. Mai da'awa idan ya cakuɗa gaskiya da ƙari, alƙali zai kore duka. Shi ya sa mataki na farko ba zanga-zanga ba ne, lissafi ne: mene ne aka ɗauka, daga gidan wa, wace shekara, yana ina yanzu. Mutanen Bini ba su ci nasara don sun fi kowa ihu ba, sun ci ne don kowane kai na tagulla an san daga inda ya fito da inda ya kwana. Wannan aiki ne da ya hau kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da gwamnatin jihar Sakkwato, da fadar Sarkin Musulmi, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma haƙƙin jama'a ne su tambaye su inda aka kwana.

Amma akwai lissafin da ba ya jiran gwamnati, shi ne na abin da ya rage a gida. A garuruwa da ƙauyukan Boɗinga da Shagari da Yabo, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai gidajen malamai da ke da adaka ko buhu cike da littattafan hannu na kakanni: fiƙihu, nahawu, tafsiri, waƙoƙin wa'azi na Fulfulde da Hausa cikin ajami, wasiƙu, salsalar malamai. Mai gida ya rasu, 'ya'ya sun tafi boko ko ci-rani, ba mai iya karanta rubutun. Gara na ci daga ƙasa, yoyon damina na jiƙawa daga sama, ranar rabon gado a raba littafi ɗaya gida uku, ko wani dillali ya zo da 'yan kuɗi ya ɗauke duka. Abin da ake asara ta wannan hanya a kowace shekara babu jirgin da zai maido shi, domin ba ya wani gidan tarihi, ya zama ƙasa.

Nan ne aikin matasa yake. 'Yan'uwa uku ko huɗu a kowace unguwa sun isa. A je wa dattijo da ladabi, a durƙusa a gaishe shi, a ce, "Baba, an zo neman albarka ne, a ga littattafan Malam." Idan ya yarda, a buɗe a gabansa, a rubuta sunan littafi, da mawallafi, da wanda ya kwafa idan ya sa sunansa a ƙarshe, da yawan warƙoƙi, da gidan da yake. A ɗauki hoton kowace warƙa da waya bi da bi, ba tare da an hargitsa jerinsu ba, domin littafin hannu ba a ɗinke yake ba, idan ya watse sai malami ya mayar da shi. Kada a liƙa masa salatif, kada a kai shi a manne shi cikin roba, kada a ƙulle shi a leda inda zai yi gumi. A kakkaɓe ƙura, a mayar cikin tadarishi da gafakarsa, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai laima. Sharaɗi mafi girma shi ne kada a fita da ko warƙa ɗaya daga gidan, ko da sunan aro, ko da sunan za a kai wa wani babban malami. Wanda ya fito yaƙi da halin Archinard kada a wayi gari ya zama ƙaraminsa. Idan masu gida da kansu suka so a adana musu a wuri mai tsaro, akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna, a raka su su je da ƙafarsu, a ba su takardar shaida.

Haka tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu abin da ya faru a Satiru, ko yadda aka bi Attahiru, ko inda Malam Abdullahi yake zama ya ba da karatu, a zauna da su a naɗi maganarsu da izininsu, a rubuta sunan wanda suka ji daga gare shi kamar yadda malaman hadisi suka koyar. Waɗanda suka gani da ido sun daɗe da tafiya, 'ya'yansu ma saura ƙalilan, yanzu jikoki ake da su.

Sannan a koma zaure. Hoton littafi dubu a cikin waya bai amfani wanda ba ya iya karanta layi ɗaya na rubutun Magariba. Ɗan'uwan da ya yi Islamiyya ya iya Larabcin bugun inji, mako kaɗan zai yi a gaban tsohon malami idonsa ya saba da hannun magabata, da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. Littattafan da za a fara da su ba su ɓata ba: Liya'ut Ta'awili an buga shi a Alƙahira tun 1961, Tazyinul Waraƙati an buga shi a Ibadan a 1963, Infaƙu yana hannun masu sayar da littattafai a bakin masallatai. Ya kamata a ce a Boɗinga, garin da Malam Abdullahi ya zauna, akwai zaure ko da guda ɗaya da ake karanta Tazyinu daga farko zuwa ƙarshe duk shekara, a Sifawa kuma ana karanta Najmul Ikhwan, matasan Shagari da Danchadi da Yabo suna hawa babur suna zuwa, kowa da littafinsa da alƙalaminsa.